Mai Fanka da rumfunan layin teloli

Kafin motoci su cika titi ta riga ta isa wajen aiki. Ɗakin aikinta yana can bayan ofishin tsara birni, dogo ne marar kwalliya, kuma rabinsa wani akwati mai gefen gilashi ya cinye shi, da ƙatuwar fanka a bakinsa. A cikin akwatin akwai tsakiyar garinmu, amma ƙarami: benaye na katako da ba su wuce tsayin kwalba ba, tituna masu faɗin yatsa, har da tasha. Takan fara da share titunan da buroshi, ta manna duk ginin da ya goce. Sai ta saki farin hayaƙi ta wani siririn bututu, ta kunna fanka, ta ja kujera tana kallon inda hayaƙin yake bi da inda yake maƙalewa. Abin da ta gani ta gwada shi da lissafin kwamfuta. Idan sun saɓa, a sake.

A ofis Injiniya ake ce mata, a layinmu kuwa Mai Fanka. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma ban ji wani yana shirin faɗin komai a kanta ba, shi ya sa na yi ƙarfin hali. Rubutuna na farko ke nan, idan na yi tuntuɓe a yi mini afuwa.

Babana tela ne. Shagonsa yana wani matsattsen layi a bayan tasha tun kafin a haife ni. Benaye sun tsare layin hagu da dama, hayaƙin motoci yana shigowa, na janareto yana tashi daga kowane shago, kuma duk a nan yake wuni. Baba ya fara tari, tarin ya koma sarƙewar numfashi, har likita ya gaya masa kai tsaye: ko ya bar layin, ko ƙirjin ya ci gaba da lalacewa. Ya dawo gida ya ce wa Umma, "In bar shi in koma ina? Nan mutanena suka san ni." Umma ta ce, "To, su zo su ara maka huhu."

Ana cikin haka aka nemi izinin gina dogon bene a filin da ke bakin layin, ta inda 'yar iskar da muke samu take shigowa. Aka ba Injiniya ta duba. Ta gina layin a akwatinta bisa taswirar ofis, ta saka sabon benen, ta kunna fanka, hayaƙi ya zame ya fice ta wani lungu da ke gefe. Kwamfuta ma ta yarda. Ta rubuta cewa ginin ba zai cutar ba, ta sa hannu.

Da wani ne, an gama. Amma ita ba ta rufe aiki sai ta taka titin da ƙafarta, riƙe da sanda mai zare a kai. Ranar ina shagon Baba da littafina, na gan ta ta tsaya a bakin lungun nan, zaren ya rataye kamar jiƙaƙƙe. Mai takalma, maƙwabcin Baba da bakinsa ba ya hutawa, ya leƙo.

"Hajiya, kifi ake kamawa? Ai nan babu ruwa."

"Iska nake nema."

"Mu ma ita muke nema. In kin samu ki rage mana."

Ba ta yi dariya ba, sama take kallo. Tamfol, buhuna, tsofaffin ledoji, kowa ya ja rumfa daga shagonsa zuwa na gabansa saboda rana, har lungun ya rufe ruf. Taswira ba ta san da rumfa ba. Ta shigo shagonmu ta gaishe da Baba, ta ce, "Malam, ƙyallaye nake so, waɗanda za ka zubar." Ya cika mata leda yana tari, bai tambayi dalili ba.

Sauran labarin daga bakin kafintan da ke yanka mata gidajen na ji shi. Ya ce ta yayyanka ƙyallayen ƙanana, ta kafa su a kan tsinken ashana, rumfa bayan rumfa, yadda ta gan su. Da ta kunna fanka hayaƙi ya shiga layin ya zauna. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Na yi kuskure," ta nufi ofishin oga. Oga ya ce, "Injiniya, takarda ta riga ta tafi sama. Kin san surutun da za a yi?" Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni na sa hannu, ni zan janye. A kaina zai sauka."

Ya sauka kuwa. Masu ginin suka ce ba ta san aikinta ba, wasu abokan aiki suka daina zama kusa da ita a taro. Injiniya, ke ce kika ɗauki wannan kunya a kanki saboda mutanen da ba su ma san an rubuta takarda ba. Da kin yi shiru, babu wanda zai taɓa tuhumarki, domin a layinmu ba mu san iska tana da hanya ba balle mu san an tare ta.

Daga baya ta gayyaci 'yan layin zuwa ɗakin, na bi Baba. Manyan mutane suka duƙa suna neman shagunansu. Mai takalma ya ce, "Wannan ne nawa? An cinye mini ƙofa ɗaya!" Da ya ga hayaƙin ya taru a ƙarƙashin rumfarsa sai ya ɓata rai. "Yanzu tamfol ɗina ne ya hana gari numfashi, ba benen masu kuɗi ba?"

"Ku biyun ne," in ji ta. "Shi zai tare ƙofa, kai ka rufe taga."

Ba ta ce a cire rumfunan ba, ta san zafin rana. Ta miƙa musu ɗan hantsaki ta ce kowa ya gwada da hannunsa. Aka ɗaga wannan, aka bar rata tsakanin waɗancan, ana yi ana gardama, har hayaƙin ya fara tafiya. Baba ne ya fara zuwa ya kwance tasa washegari ya ɗaga ta sama. Benen ma an gina shi, amma an ja shi baya, an bar mashiga a ƙasansa, bayan doguwar jayayyar da ita kaɗai ta san wahalarta.

Ba zan ce garinmu ya wanke ba. Motoci suna nan, janareto yana nan, Baba har yanzu yana ajiye abin shaƙarsa a aljihun keken ɗinki. Amma da rana akan ji iska tana ratsa layin, kuma a zuwansa asibiti na baya-bayan nan likita ya saurari ƙirjinsa bai sake tayar da maganar tashi ba.

Mun gode, Injiniya, mai komawa ta duba. Allah ya sa ki huta lafiya. Ku kuma da za ku gaji akwatin nan, da duk mai aikin da sa hannunsa ke taɓa rayuwar wasu, don Allah ku riƙa fita ku ga wurin da idonku, kuma idan kun yi kuskure ku faɗa tun da sauran gyara.

Da na gaya wa Baba ina rubutu a kanki, bai ɗago daga keke ba. Ya ce, "Ki gaishe ta. Ki ce mata ina shago."