Tagar Goggo Saudatu

Ɗan kawuna Mujahid, mai walda a Dutsen Kura, in ya yi wa taga ƙarfe, ko sauro sai ya nemi izini kafin ya shiga. Da wannan yake taƙama, har ranar da wata mai binciken gobara ta kira shi wani gida da ya ƙone, ya yanko mata ƙarfen taga.

Ta nuna masa yadda wuta ta tare ƙofa, mutanen gidan suka ruga taga, ƙarfe ya hana su fita, sai da maƙwabta suka fasa bango. Mujahid ya duba, ya gane aikin hannunsa, ko lanƙwasa bai yi ba. Mutumin da ke tashi da tukunyar tuwo shi kaɗai, ranar ko loma bai kai baki ba, don irin ƙarfen ya yi wa ɗakin Goggo Saudatu, wadda ta raine shi.

Washegari ya isa gidanta da injin yanka.

"Kai ja'iri, ɓarayi za ka buɗe wa hanya?"

"Ke zan buɗe wa, Goggo."

Ya mai da ƙarfen mai buɗewa, da sakata ta ciki. Bai tafi ba sai da ta iya zare ta da hannu ɗaya.