Ranar da Sarkin Nigogin Haɗeja Ya Gamu da Baƙin Bature

Abubuwa da yawa na ƙuruciya sun ɓace min, amma ranar da ni da abokina muka je bakin kogi gaida wani dattijo daga Amurka, ita kam sai dai in ƙasa ta rufe min ido. Yau ga furfura ta fara leƙowa a gemuna, amma in na tuna sai dariya da kunya su kama ni lokaci guda.

A zamanin nan, duk saurayin da ya sassauto wando ƙasa da ƙugu, ya kafa hular sanyi a tsakiyar zafin bazara, ya rataya sarƙa a wuya, to sunansa niga, jam'insu nigogi. A wajenmu kalmar nan sarauta ce. Mun tsinto ta ne a waƙoƙin baƙar fatar Amurka da ake tura mana a waya a kasuwa. Ba ma jin komai a abin da suke faɗa sai ita, don ita ce take ta dawowa kamar amshi. Sai muka yanke wa kanmu hukunci cewa ma'anarta gwani, ko namijin duniya, kuma ba mu tambayi kowa ba.

Abokin nawa Babarbare ne, ni kuma Bafulatani, don haka tun muna yara ba ya kirana da sunana sai "bawana", ni ma haka nake rama masa. Babansa bandar kifi yake yi, shi ya sa duk turaren da ya fesa sai ƙamshin hayaƙi ya yi rinjaye. Sarƙar wuyansa ta keke ce, ya wanke ta da kananzir ya shafa mata fenti ruwan gwal. Da kansa ya naɗa kansa Sarkin Nigogin Haɗeja da Kewaye, wai har Birniwa da Guri ƙarƙashinsa suke. Mutanen Guri dai ba su san an yi ba.

Muna da waƙa guda ɗaya tal, da Turanci, wadda muka ɗauka a wani ɗaki bayan shagon cajin waya. Mai ɗakin ya manna kwalin ƙwai a bango ya sa masa suna situdiyo. Muna kiran kanmu mawaƙan ƙarƙashin ƙasa, wai duniya ba ta gano mu ba tukuna. Gaskiya ne kuwa, don ko a layinmu ba a gano mu ba. Innata ta taɓa jin waƙar, ta ce, "Wannan wa kuke yi wa faɗa haka, kuma me ya yi muku?"

Wata rana sai labari ya zo mana cewa malamar da ta koya mana Turanci a sakandare, wata 'yar kudancin Kaduna da ta daɗe a garinmu har ta fi mu sanin lungunansa, an ɗauke ta tafinta. Wai wani baƙin Bature ya zo daga Amurka kallon tsuntsayen fadama, kuma washegari zai koma. Abokina ya same ni yana haki.

"Bawana, Allah ya kawo mana Amurka har gida! Mu danƙa masa faifan waƙarmu kawai. Wata biyu ya yi yawa za ka ji an aiko mana da jirgi."

Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Mun riga mun san babu mai sauraronmu a nan, wannan mutumin shi ne ƙofarmu, in ya tafi ta rufe ke nan.

Da hantsi muka isa bakin kogi, gumi na tsiyaya daga ƙarƙashin hulunan sanyinmu. Muka tarar ana fito da shi daga kwalekwale. Ni dai ba haka na zata ba. Dattijo ne mai farin gemu, ya fi mu baƙi nesa ba kusa ba, da malafa a kai da madubin hangen nesa a wuya. Babu sarƙa, wandonsa kuwa har cibiya, kamar na hedimasta. Yara na biye da shi suna ta "Bature! Bature!" shi kuma yana ɗaga musu hannu yana murmushi.

Abokina ya gyara sarƙa, ya taka da tafiyar nan tamu ta mai ciwon ƙafa ɗaya, ya lanƙwasa yatsu, ya buɗe murya yadda har masunta sai da suka juyo.

"Yo! Wasop, mai niga!"

Murmushin dattijon ya ɗauke kamar an kashe fitila. Malama ta dafe kai ta ce, "Wayyo Allah, yaran nan kun kashe ni." Dattijon ya dubi abokina daga hula har takalmi, sannan ya yi magana a hankali.

"Yana tambaya," in ji Malama, "wa ya koya maka wannan kalmar?"

"Malama, ki faɗa masa 'yan'uwansa ne. Ki ce masa ni ne sarkinsu a nan."

Ba ta fassara wannan ba, Allah ya saka mata da alheri. Dattijon ya samu wani kifaffen kwalekwale ya zauna, ya yafito mu. Yana magana tana juya mana. Ya ce sunan da fararen da suka sayi kakanninsa suke kiransu da shi ke nan, sunan da ake kiran wanda ba a ɗauke shi mutum ba. Ya ce da idonsa ya ga mahaifinsa, da furfurarsa, ɗan ƙaramin yaro farar fata ya kira shi da kalmar a gaban jama'a, kuma dole ya amsa. Na ji hular kaina ta yi min nauyi.

Abokina kuwa gardama a jininsa take. "Amma Malama, su ma fa suna faɗa a waƙa! Kuma mu ma ai baƙaƙe ne, me ya raba mu?"

Malama ta dubi abokina, ta nuna ni. "Kai, me kake kiran wannan kullum?"

"Bawana mana. Ai bawana ne."

Ta juyo gare ni. "To kai, in wani baƙo ya sauko daga mota a tasha, bai san ka ba, ya ce maka bawa, yaya za a yi?"

Na ce, "Sai dai a raba mu, Malama."

"To ka gani. Wasan da ba a haife ka a cikinsa ba, ba naka ba ne. Kuma ko a cikinsu akwai waɗanda ba sa yin wasan sam, wannan bawan Allah yana cikinsu."

Ana haka yara ba su fasa kiransu ba. Dattijon ya tambayi Malama me suke cewa tun safe. Ta faɗa masa. Ya yi dariya har da buga cinya, ya cire tabarau yana goge ido, kuma har yau ban tabbatar hawayen dariya ne kaɗai ba. Ya ce duk tsawon rayuwarsa bai taɓa zama Bature ba sai da ya zo ƙasar kakanninsa. Yara sun ce masa Bature, samari sun kira shi da sunan bayi, tsuntsaye ne kawai ba su sa masa suna ba.

Mai kunya da a nan zai yi sallama. Amma kunya ba ta cikin kayan gadon abokina. Ya zaro faifai daga aljihu ya miƙa da hannu biyu. Dattijon ya tambaya ko kalmar tana ciki. Abokina ya ce, "Kaɗan." Dattijon ya ce yana da jika da ke aiki a wani ƙaramin gidan rediyo a garinsu. In muka cire kalmar muka kawo kafin motarsa ta tashi gobe bayan azahar, zai kai masa da hannunsa.

Da gudu muka yi situdiyo. Mai situdiyo ya zauna yana bin waƙar yana yanke kalmar duk inda ta fito, yana yi yana girgiza kai. Da ya gama ya kunna mana. Kiɗa ya tashi. Sai muka ji "yo". Shiru. "Yo, yo." Shiru mai tsawo. Can sai muryata ta ce "Haɗeja!" Sai tarin janareto daga waje, sai wani shirun. Mai situdiyo ya yi dariya har ya zamo daga kan benci, ya ce, "Wallahi janareton nan ya fi ku baiti."

Muka ce bari mu cike gurbin da Hausa. Muka zauna, biro a hannu, muna kallon kwalin ƙwai har la'asar ta wuce. Nan muka gano ba Turanci ne matsalarmu ba, abin faɗa ne ba mu da shi. Ga ruwa yana cinye gonakin shinkafa kusan kowace damina, ga ciyawar kacalla ta toshe hanyar jiragen ruwa, ga baban abokina hayaƙin banda ya kusa cinye masa ido, amma bai taɓa zuwa mana a rai cewa waɗannan abin waƙa ne ba. Mu bindigogi da motocin da ba mu taɓa gani ba muke yi wa kirari.

Washegari muka je wajen motar, faifan na aljihun abokina. Dattijon ya gan mu ya miƙo hannu yana murmushi. Abokina bai zaro komai ba. Ya ce, da Hausa, "Baba, babu komai a ciki. Allah ya kiyaye hanya." Malama ta fassara. Sai abokina ya durƙusa zai yi gaisuwa irin ta gida, wandon nan da ya daɗe yana barazana ya ƙarasa tafiyarsa har gwiwa. Dattijon ya kama shi ya ɗaga, ya nuna nasa bel ɗin da ke cibiya, kowa ya fashe da dariya har direba. Mota ta tashi, Amurkarmu ta tafi a ciki.

Waƙarmu ba ta je Amurka ba, ko Kafin Hausa ba ta je ba. Abokina yanzu shi ke riƙe da bandar babansa, yana ɗan taɓa waƙa da Hausa in ya samu sarari, kuma wadda ya yi kan ambaliya har 'yan acaba suna sawa. Har gobe "bawana" yake kirana, ni ma ina ramawa, don wannan wasan namu ne, mun san inda ya faro.

Tun daga ranar na koyi cewa kafin na ɗauki kalmar wani na sa a bakina, sai na tambaya ta waye, kuma wa ya yi kuka a kanta. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Ni ba labari aka ba ni ba, a gaban mota na gani da idona.