Rakiyar Baba Ndagi

Shekara bakwai ke nan cif da Baba Ndagi ya yanke jiki ya faɗi a bakin titi a Chanchaga, nan Minna. Da hantsi ne. Yana kan hanyar kai wata yarinya wurin mai gidan burodi da ke neman mai tsaron kanti. Likita ya ce hawan jini ne. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya kyautata namu zuwan.

Ni ba mai rubutu ba ne. Ban shiga aji ba, walda na iya. Ina faɗa, 'yata tana rubutawa, kuma na ce mata kada ta ƙara gishiri.

Ga wanda bai san shi ba, Ndagi mutumin Bida ne, yana sayar da kayan famfo da na wuta a Dutsen Kura. Ba attajiri ba ne. Abin da ya sa aka san shi, duk Asabar da safe yakan tara matasan da ba su da aikin yi a rumfar shagonsa. Ba sana'a yake koya musu ba, wannan akwai masu ita. Yana koya musu abin da ke sa a ɗauki mutum kuma a riƙe shi: ka riga maigida zuwa, ka san yadda ake tarar mai sayayya in ya zo da faɗa, ka iya cewa ban iya ba tun kafin ka ɓata kayan mutane. Ko sisi bai taɓa karɓa ba. In ya ga mutum ya kai, ba ya ba shi takarda. Sai ya rufe shago, ya sa hula, ya raka shi da ƙafarsa har gaban mai aiki. A can kuma yana da wata al'ada da ta sa wasu suke ganin ba shi da kunya. Aibin mutum yake fara faɗa, a gaban idonsa, sannan ya faɗi alherinsa.

A kaina na san wannan. Shekara huɗu na yi a gidan yari saboda faɗa a tasha, na karya wa wani muƙamuƙi. Da na fito, dangina ma kauda kai suke yi. Ndagi ya bar ni ina sauke masa kaya. Wata rana ya ce in wanke ƙafa, ya kai ni wurin wani mai walda, Oga Bitrus, mutumin kudancin Kaduna.

Ya ce, “Bitrus, ga Sale na kawo maka. Daga gidan yari ya fito. Yana da zuciya, in ka zagi uwarsa sai dai a raba ku. Amma wata biyar yana sauke min kaya, ko ƙusa ɗaya ba ta ɓata ba, kuma in ka ba shi aiki ba ya neman inuwa sai ya gama.”

Bitrus ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, “To ni uba nake zagi, ba uwa ba. Ya zo gobe.”

A hanyar komawa raina a ɓace yake. Na ce, “Baba, ka tona min asiri.” Ya ce, “Na tona a gabanka. Da na rufe, wani zai tona a bayanka, ran nan ni da kai duk mun zama maƙaryata.” Shekara tara na yi a wurin Bitrus. Da hannunsa ya yaye ni.

Haka Ndagi ya yi ta yi har ya mutu. Masu gareji, masu shagon ɗinki, masu gidan abinci, Musulmi da Kirista, in suka hango hularsa sun san mutum ya kawo musu, kuma sun san ba zai yi musu rufa-rufa ba. Ban san adadin waɗanda ya raka ba, shi ma bai ƙirga ba.

Yau abubuwa sun canja. Matasa na zuwa wurina da waya a hannu da takardar neman aiki, kuma a cikin takardar kowa mai ƙwazo ne, kowa mai amana ne, babu mai makara, babu mai fushi. Ƙungiyoyi na tara su mako biyu, a koya musu abu, a ba su shaida, a ɗauki hoto. Ban raina ba, na ga waɗanda suka amfana. Ina jin da Ndagi na nan ba zai yi faɗa da wannan ba, don shi ba mai ƙin sabon abu ba ne. Zai dai karɓi takardar ya juya ta, ya tambaya wa ya san yaron nan, kuma wa zai tsaya kusa da shi ranar da zai shiga.

Yanzu ga abin da ya sa na nemi a ba ni wannan fili.

Bayan rasuwar Ndagi da shekara biyu, matarsa Hajiya ta aiko a kira ni. Ɗansu Usman ya gama karatun aikin lantarki, yana zaune a gida. Ta ce, “Sale, mahaifinsa ya raka 'ya'yan mutane, shi nasa ba mai raka shi.” Maganar ta soke ni. Na ce gobe ma kuwa. Na ji labarin wani Alhaji mai kamfanin ruwan leda a Chanchaga yana neman mai kula da injinansa, kuma ya san Ndagi.

Usman na san shi tun yana rarrafe, amma sanin gaisuwa ne. Abin da na sani a kansa shi ne abin da kowa a layin ya sani, wato ba ya son gyara. Washegari muka shiga wurin Alhajin, muka gaisa, na gyara tsayuwa kamar yadda na ga marigayi yana yi. Na ce, “Alhaji, ga ɗan Ndagi. Ba ya jin gyara. In ka ce ya yi kuskure, sai ya kawo maka abin da littafi ya ce.”

Alhaji ya gyaɗa kai, har da murmushi, don ya gane salon. Ya zuba min ido yana jiran saura. Usman ma ya juyo yana kallona. Na buɗe baki, na tarar babu komai a ciki. Ban taɓa ganin yaron nan ya riƙe wayar wuta ko filaya ba. Ban san me ya iya ba. Ƙarya kuma ban iya ta ba. A ƙarshe sai na ce, “Ubansa dai mutumin kirki ne.”

Alhaji ya ce, “Allah ya jiƙan Ndagi. Za mu neme ku.” Kowa ya san ma'anar wannan.

A waje Usman ya ce, “Kawu Sale, abin da ka kawo ni ka yi min ke nan?” Ya tare babur ya tafi. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, kuma yana da gaskiya. Kafin wata biyu ya bar Minna.

Shekara da shekaru ina kallon Ndagi, na ɗauka ƙarfin aikinsa a faɗin gaskiya mai ɗaci yake. Wannan kuwa ni na fi shi iyawa, ba ya yi min wuya. Ashe aibi kowa na gani, ko mai wucewa. Wahalar tana cikin watannin da yake yi yana kallon mutum kafin ya sa hula. Ni wata biyar ya yi yana lura da ni, ina zaton dako kawai nake yi. Ɗansa kuwa kwana ɗaya na ba shi.

Sai bayan Usman ya tafi na je neman abin da ya kamata in nema tun farko. Na tambayi maƙwabta. Limamin layin ya nuna min wayoyin wutar masallaci, ya ce Usman ne ya sake su kaf, kyauta, bayan an yi ta fama da tartsatsi. Wata tsohuwa ta ce sau uku ya koma gidanta a kan fitila ɗaya, ita ta ce ya isa, shi ya ce bai kwanta masa ba. Na buɗe akwatin wutar shagon mahaifinsa da idona na mai aikin hannu. Ban ga waya ɗaya tsirara ba. Taurin kan nan da na faɗa, a kan aiki yake yinsa, ba ya yarda a yi ha'inci. Na koma wurin Alhaji na faɗa masa duk wannan. Ya ce, “Malam Sale, da ranar nan ka faɗa, ai da yana nan. Yanzu na riga na ɗauki wani.” Magana zarar bunu ce.

Hajiya ba ta taɓa yi min maganar ba. Ina zuwa gaishe ta, ta amsa, ta sa a kawo min ruwa. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Usman ya zo gida sau biyu, ya wuce ta gaban shagona bai juyo ba.

Me ya rage na Ndagi? Shagon an ba da shi haya, ana sayar da kayan waya. Rumfar an cire. Babu gini da sunansa, babu allo. Abin da ya rage mutane ne: mai gareji a nan, tela a can, yarinyar nan ma da yake rakawa ranar da ya faɗi, mai gidan burodin ya ɗauke ta bayan kwana uku, yanzu ita ke riƙe da wurin. Zaman Asabar ya dawo gaban shagona. Bitrus, duk da tsufa, yana zuwa ya yi wa matasan surutun da ni ban iya ba. Nawa kallo ne. Ba na raka kowa sai ya yi damina guda a gaban idona. Suna cewa ina ja musu rai. Su faɗa.

Wata huɗu da suka wuce na je wurin wata mata mai kamfanin haɗa wutar sola a nan Minna. Na faɗa mata halin Usman duka, da taurin kan da wayoyin masallaci, da abin da na yi masa. Ta ce irinsa take nema, za ta riƙe masa gurbi har bayan babbar Sallah. Na ba Hajiya saƙo, ta ce ta faɗa masa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Usman yana Legas, yana gadi a ƙofar wani kamfani. Ni ina Dutsen Kura, na kusa sittin, idona ya fara ƙin wutar walda. Usman, in wannan ya kai gare ka, ba sai ka gaishe ni ba. Ka zo kawai ka karɓi aikinka.