Baba Sake-Faɗa da takardar da na ƙi sa wa hannu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, wajen ƙarfe goma na safe, Allah ya karɓi ran babban tafintan kotunmu, wanda kowa ya sani da Baba Sake-Faɗa, bayan jinyar kwana tara. Labarin ya same ni a tsaye a ɗakin shari'a na biyu, ina tsakiyar fassara maganar wata mata da aka sace wa keken ɗinki. Masinja ya leƙo ta ƙofar gefe, ya dube ni, ya girgiza kai. Sai da na kai maganar matar ƙarshenta kafin na nemi izinin zama, domin haka ka koya mini, Baba. Ka ce ba a barin maganar mutum a rataye.

Shekara talatin da ɗaya ka yi a tsaye tsakanin alƙalan da ba sa jin Hausa da mutanen da ba sa jin harshen kotu. Sunanka na yanka ya ɓace tun kafin in zo, domin ba shaidan da zai buɗe baki ka fassara masa kai tsaye. Sai ka karkata kunne, ka ce, "Sake faɗa." In ya sake, wani lokaci ka ƙara cewa ya sake. Lauyoyi suna tsaki, magatakarda yana duban agogo, kai ko a jikinka. Na tuna wani alƙali mai zafin rai da ya buga tebur ya ce maka shari'a ashirin ke gabansa a ranar. Ka rusuna ka ce, "Ranka ya daɗe, shi kuma wannan bawan Allah ɗaya tak gare shi." Alƙalin ya gyara tabarau ya ce a ci gaba.

Ni a ɗakin buga takardu ka tsince ni. Ka ji ina gyara wa wani lauya Hausarsa ta taga, washegari ka zo ka tsaya a kaina, ka ce, "'Yar nan, wannan bakin naki ya fi ƙarfin tafireta." Wata shida ina zaune a bencin baya da littafi, ina sauraronka. In an tashi sai ka zaunar da ni a ofishinka mai fanka mai kuka, ka yi ta yi mini tambaya kamar mai neman aurena ga ɗansa. A nan na koyi cewa in talaka ya ce wa alƙali "na ji", ladabi ne, bai ce ya amsa laifi ba. Na koyi cewa "na ɗauka" fuska biyu gare ta, ko mutum ya ɗauki kaya, ko ya yi zato, kuma tsakanin biyun akwai shekara uku a gidan yari. In na yi gaggawa sai ka ce, "Ina za ki? Wanda kike wa fassara ba inda za shi."

Akwai riguna biyu wankakku a durowarka ta ƙasa. Duk wanda aka kawo daga hannun 'yan sanda da riga a yage, ko da jini a wuyanta, kafin a kira sunansa ka miƙa wa gandiroba ɗaya. Ka ce alƙali ma mutum ne, ido ke fara yanke masa hukunci kafin kunne. Mama, matarka, ta sha yi maka ƙorafi cewa ta gaji da wankin rigunan mutanen da ba ta sani ba, amma ba ta taɓa bari ka fita babu su ba. In an ɗage shari'a kuma, kowa ya tattara fayil ya tafi, kai ne ke tsayawa a baranda kana yi wa iyaye mata bayanin abin da aka yi, domin da yawansu suna fita ba su san ko an saki ɗansu ko an ɗaure shi ba.

Ba ka son zancen siyasa a ofis, amma abin da ke gabanka ba ka rufe masa ido. Mun ga manya da aka tuhuma da cinye abin jama'a suna zuwa da lauya goma da takardar likita, a ɗage musu sai bayan damina, bayan damina a ɗage sai wata daminar. A ɗaki guda, a benci guda, mun ga wanda ya shekara huɗu yana jiran shari'a a kan laifin da ko an same shi da shi wata shida ne. Yanzu kuma ga mutane a rediyo da waya, da an kama wani sai a hau cewa a kashe shi kawai, me ake jira. Na fahimci zafin da ke sa su faɗi haka, ni ma an taɓa tare ni a hanya an ƙwace mini jaka. Amma duk mai wannan magana ina so ya zo ya zauna a ɗakin shari'a mako ɗaya, ya ga irin siririn zaren da ran mutum ke rataye a jiki. Ni na gani, domin na taɓa tsinke shi da bakina.

Baba, wannan ne abin da ya hana ni rubuta maka ta'aziyya har wata guda. Kowa ya rubuta alherinka, ni kuwa ba zan iya faɗin naka ba sai na faɗi nawa laifin.

Shekara takwas ke nan. An kawo wani mai walda, ana tuhumarsa da kashe maƙwabcin shagonsa, mai faci, wanda aka tsinci gawarsa a bayan shagunan. Tare suka tashi tun suna yara. Shaidar da ake da ita ba ta taka kara ta karya ba: an ji suna cacar baki a kan wurin ajiye kaya kwana guda kafin nan, an kuma sami ƙarfe irin na shagonsa kusa da gawar. Amma gari ya riga ya yanke hukunci, ni ma na yanke a zuciyata. Ranar da zai kare kansa an aike ka wata kotu, aka ce in tsaya a madadinka. Yana cikin akwati yana magana, sai mahaifiyar mamacin ta fashe da kuka a bencin gaba. Ya juya ya dube ta, tsohuwar da ta sha ba shi abinci a kwano ɗaya da ɗanta, ya ce, "Inna, ki yi haƙuri."

Alƙali ya ɗago ya tambaye ni me ya ce. Kowane mai jin Hausa ya san wannan magana. Ita ake faɗa wa wanda aka yi wa rasuwa, ita ake faɗa wa wanda ya yi tuntuɓe da dutsen da ba kai ka ajiye ba. Ni kuwa na buɗe baki na ce wa alƙali, da harshen kotu, yana roƙonta ta yafe masa. Na ga biro ya sauka a kan takarda. Lauyan da gwamnati ta ba shi ba ya jin Hausa, bai ko ɗaga kai ba. Da aka zo karanta hukunci, sau biyu alƙali ya ambaci wannan jimla, ya ce mutumin da bai yi kisa ba ba ya neman gafarar uwar mamaci. Aka yi masa ɗaurin rai da rai.

Bayan mako biyu ka kira ni ofis, ka rufe ƙofa, abin da ba ka taɓa yi ba. Ashe ka karanta fayil ɗin, ka je gidan yari ka tambaye shi da kanka.

Ka ce, "'Yar nan, me ya faɗa da bakinsa?"

Na ce, "Cewa ya yi ta yafe masa."

Ka dube ni, ka ce, "Sake faɗa."

Na kasa. Fanka tana ta kukanta a kanmu, ni ina kallon ƙasa.

Ka buɗe durowa ka fito da takardar rantsuwa da ka riga ka rubuta, shafi ɗaya, mai cewa ni tafinta na juya maganar wanda ake tuhuma ba daidai ba. Ka yi mini bayani a hankali. Kai ba ka cikin ɗakin, don haka maganarka ji-ta-ji-ta ce a wurin kotu. Ba na'urar ɗaukar magana a lokacin. Abin da alƙali ya rubuta ba mai iya taɓa shi sai wadda ta yi fassarar. Na ce ka ba ni lokaci. Na san in na sa hannu aikina ya tafi, wataƙila ma a tuhume ni da karya rantsuwa, ga yara uku, ga mahaifinsu a kwance. Na ce wa kaina ai wataƙila shi ya yi kisan. Da wannan "wataƙila" na yi ta lulluɓa shekara takwas. Tsohuwar ta rasu bayan shekara guda, 'yan kallo sun watse, ya rage daga ni sai kai sai shi.

Ba ka kai ni ƙara ba, ba ka faɗa wa kowa ba, ko Mama. Sau ɗaya na tambaye ka dalili, ka ce, "In na kai ki, musawa za ki yi, ki ci rantsuwa biyu. Ba zan tura ki wuta da hannuna ba." Abin da kake yi kawai, duk farkon shekara in an dawo hutu, sai in tarar da takardar a kan teburina, ka sake buga ta da sabon kwanan wata. In mayar da ita durowarka kafin a tashi. Washegari mu gaisa, ka tambaye ni jikin maigida, ka tsokane ni a kan shayina mai yawan sukari. Sau takwas muka yi haka. Wallahi da ka zage ni da ya fi mini sauƙi. Wani lokaci har haushinka nake ji, in ce tausayin da kake mini wani ke biyansa a bayan katanga. Na san kai ma wannan tunanin ya ci ka, domin duk Asabar ɗin farkon wata kana can gidan yari a layin masu ziyara, da sabulu da man shafawa a leda.

Ranar da ka kwana bakwai a asibiti na je duba ka. Magana ta riga ta ɗauke. Da ka gan ni sai ka haɗa yatsu uku kamar mai riƙe da biro, ka ja su a kan zanen gado. Mama ta ce, "Me yake so ne?" Na ce ina jin ruwa yake so. Na ɗauko kofi na kai bakinka, ka kawar da kai, ka rufe ido. Wannan ce fassara ta ƙarshe da na yi maka, Baba, kuma ita ma ƙarya ce.

Tun ranar ba ni da sukuni. In na bi ta gaban ofishinka sai in ji kamar gyaran muryarka. A gidan makoki na zauna cikin mata, kowa ya shigo sai ya durƙusa gaban Mama ya ce a yi haƙuri, a yi haƙuri, tun safe har la'asar. Da layi ya zo kaina na riƙe hannunta, bakina ya ƙi buɗewa. Ta ɗauka kukan rashinka ne kaɗai ya shaƙe ni, har ita ke lallashina.

Asabar ɗin farkon wannan wata na je gidan yari, domin na san mai walda yana can yana jiranka, ba wanda ya gaya masa. Aka fito da shi. Kansa ya yi furfura, shi da bai kai arba'in ba. Ya gane ni tun daga nesa. Na gaya masa ka rasu. Ya share ido da bayan hannu ya ce, "Allah ya ji ƙansa. Ki yi haƙuri, Hajiya, na san uba ne a wurinki."

A nan na faɗa masa abin da na yi, ban rage komai ba. Ya ce ya sani, ka gaya masa tun shekarar farko, ka kuma roƙe shi ya jira ni. Bai ɗaga murya ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Yarinyata tana goye aka kawo ni nan. Yanzu ita ke rubuto mini wasiƙa."

Ranar Litinin na karɓi makullin durowarka a wurin magatakarda. Takardar tana nan a ƙarƙashin rigunan nan biyu, da kwanan watan Janairun bana. Na kai ta gaban mai rantsarwa na sa hannu. An dakatar da ni daga aiki ranar Laraba, kuma daidai ne. Lauyan da ya karɓi maganar ya ce kada in sa rai da yawa, kotu ba ta son buɗe abin da ta rufe. Ni har yau ban san wanda ya kashe mai faci ba. Abin da na sani, mai walda bai faɗi abin da na ce ya faɗa ba. Da na sa hannu kana raye da ka gani da idonka, wannan kuma ya wuce ni har abada.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da 'ya'yanka biyar, da jikokinka, da ma'aikatan kotu manya da ƙanana, da mutanen da suka tsaya gaban alƙali cikin rigarka ba su san mai ita ba. Mama, yanzu kin san abin da yake nema a gadon asibiti. Ki yafe mini. Wannan karon ita nake nufi, ba wata ba.

Allah ya ji ƙanka, Baba. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sauƙaƙa maka tambaya kamar yadda ka sauƙaƙa wa bayinsa. Allah kada ya kama ka da jinkirin da ni na jawo. Allah ya ba iyalinka juriyar rashinka, ya sa Aljanna ce makomarka, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Ranar sha tara ga watan gobe kotun ɗaukaka ƙara za ta saurari maganar. An ce daga wata kotu za a kawo tafinta, ni a akwatin shaida zan tsaya. Duk wanda ya ƙaunaci Baba, ina roƙonsa ya sa mai walda a addu'a kafin ya sa ni.