Maganar Ya Falmata a Harsuna Uku

Cikin shekarun da na yi ina tafinta a kotun majistare ta Maiduguri, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar shari'ar Ya Falmata, ba da jimawa ba bayan samun 'yancin kai. Ku yaran yanzu ba ku san wahalar aikin ba. Majistarenmu Turanci kaɗai yake ji, sajan mai gabatar da ƙara sai Hausa, shaidu kuwa yawanci Barbarci. Duk kalmar da aka furta sai ta bi ta bakina, bayan na yi rantsuwa ba ƙari ba ragi.

Ya Falmata tsohuwa ce mai sayar da daddawa a Kasuwar Litinin. An haƙa rijiya a unguwarsu, Bulabulin, wani kansila ya zo ya buɗe ta da dogon jawabi, kwana uku ta ƙafe. Shi ne ta ce wa maƙwabciyar rumfarta, "Da jawabin Kansila ake sha, da Bulabulin ta yi ambaliya." 'Yan doka suka kama ta da laifin tunzura jama'a. In an same ta da laifi, gidan yari ne.

Da safe babban akawu ya ja ni gefe ya ce, "Malam Habu, Kansila na da ido a kan shari'ar nan. In ka zo fassara, ka ɗan ƙara gishiri." Na ce, "To, ranka ya daɗe." Amma fa a shekaru, matar ta isa ta haifi uwata.

Kotu ta cika har tagogi. Majistare ya nemi jin ainihin kalmomin. Ya Falmata ta maimaita da Barbarci, rabin kotu ya fashe da dariya. Na mayar Hausa yadda ta faɗa, sauran rabin ya ɗauka. Na mayar Turanci, majistare ya sunkuya yana goge tabarau. Sajan ya kawo shaidu huɗu, kowanne sai ya faɗi maganar, ni kuma in sake ta sau biyu da ƙarfi. Maganar da 'yan tsiraru suka ji a rumfa, kafin azahar masu keke na jefa wa juna ita a titi.

Sajan ya fusata ya miƙe. "Ranka ya daɗe, tafintan nan ma ya zagi hukuma sau goma, ina ƙirgawa!" Dole na fassara ƙarar da aka kai ni.

Majistare ya tambaya, "Rijiyar akwai ruwa?" Sajan ya ce ba a turo shi binciken rijiya ba. Ya Falmata ta ce mini, "Ɗana, a ba shi guga ya je."

Sai majistare ya buɗe tsarin mulki, ya karanta sashen da ya ba kowa 'yancin faɗin ra'ayinsa. Ya ce hukuma na iya hana maganar da za ta jawo tarzoma, amma bai ga inda aka hana dariya ba. Ya sallame ta. Da na bayyana mata, ta ce, "Wato takarda ce ta ba ni bakina? To da can na wa nake amfani da shi?" Wannan kam ban fassara ba, don an riga an tashi.

Mako biyu bayan haka aka mayar da ni ɗakin adana fayil, wai muryata ta yi wa kotu ƙarfi. Shekara huɗu na yi a can.

Abin da na koya shi ne, 'yancin da ke rubuce ba ya tashi ya kare kowa da kansa. Sai ƙananan ma'aikata irinmu sun ƙi lanƙwasa kalma ɗaya, alhali sun san wanda zai ji haushi. Ranar da aka ja ɗayanku gefe da safe, ya sani shari'ar tasa ce ta fara.