Ni da Surukina da Tsohuwar Waƙar Noma

Ni tela ne a Funtua, kuma duk wanda ya taɓa zama a shagona ya san bakina ba ya hutawa. Ina taka keke ina surutu, ina yanka yadi ina gardama. Amma a shekarun farko na aurena, da na sa ƙafa a zauren surukina a Bakori sai in koma bebe. In tuɓe takalmi tun daga waje, in durƙusa a bakin ƙofa in ce, "Baba, ina wuni." Shi kuma ya ce, "Lafiya lau, Malam, ya aiki?" Daga nan sai ya dubi bango, ni in dubi ƙasa, har Allah ya kawo wanda zai cece mu. Haka surukuta ta gada, ba laifin kowa ba ne. Sai dai abin yana cina a rai, don ina son dattijon nan. Na taso ba uba, kuma nakan jiyo shi a ƙofar gida yana hira da manoma 'yan'uwansa, yana dariya har da tari. Burina bai wuce wata rana ya yi irin wannan hirar da ni ba.

Wata rana na kai matata gida, ina durƙushe kamar kullum, sai na ji ƙaramar rediyonsa mai cin memori tana fitar da kiɗan gangar noma. Waƙar wani tsohon makaɗi ce da ya daɗe da rasuwa, wadda ni ma nake sawa a shago har maƙwabta suka gaji da ni. Yatsuna suka fara motsi a kan gwiwata, na yi maza na danne su. A motar dawowa na tambayi matata ko Baba yana son tsofaffin waƙoƙi. Ta ce ai ba ya jin komai sai su, har a gona rediyon na rataye a reshen bishiya.

Matata ita ce 'yar autarsa, ita kaɗai ke tsokanarsa ta kwana lafiya. Don haka na je wurin masu tura waƙa a kasuwa, na cika memori da zaɓaɓɓun abin da nake ji, na naɗe shi a ƙyallen shadda na ɗinke bakin. Da za ta je suna Bakori na ba ta ta kai masa. Ta dawo da ɗanyar masara da kwalin ashana, a cikin kwalin kuma ga nasa memorin.

Na ce, "Me ya ce?"

Ta ce, "Ya ce ba laifi."

"Haba, faɗa mini yadda ya faɗa."

Sai ta kumbura baki, ta kwaikwayi muryarsa: "Ki ce mashi kalangun nan na mahauta ne, ya kai masu. Mai kukumar ya iya hannu, sai dai bakinshi ya yi yawa. Ta gurmin kuwa ta zauna, ba za ta koma Funtua ba."

Na yi dariya har na kusa ɗinke yatsana. Wannan ce magana mafi tsawo da surukina ya taɓa yi mini, ko da yake ta bakin wata ta iso.

Nasa memorin taska ce. Akwai kiɗan kotso da na taushi da aka kwafo daga tsofaffin kaset, wasu da ƙarar iska a ciki, wata ma har da carar zakara a tsakiyar amshi. Na yi mako ina ɗinki da su, sannan na aika da nawa hukuncin, bayan na wanke shi da ladabi. Tun daga nan memori ya kama hanyar Funtua zuwa Bakori, ya je ya dawo. In ba biki ba suna, sai in ƙirƙiro wa matata dalilin zuwa gida. Ita kuwa ba ruwanta da ganga, waƙoƙin zamani take ji a wayarta, ta ce mu biyun tsofaffi ne, ɗaya dai gemunsa bai yi fari ba tukuna.

Inda muka saɓa shi ne kan waccan waƙar noma da na fara ji a zaurensa. Ashe sau biyu aka ɗauke ta. Ta wurin Baba an ɗauke ta makaɗin yana da ƙuruciya, murya kamar sabuwar garma, ganga na gudu, 'yan amshi na binsa da ƙyar. Tawa kuwa ta tsufansa ce. Muryar ta dusashe, yakan tsaya ya ja numfashi, 'yan amshi su jira shi. Ni a wurina wannan ta biyun ta fi, kuma na aika masa da ita ina taƙama. Amsa ta dawo cewa in daina wahalar da tsoho, in bar shi ya huta a kabarinsa. Na aika cewa a sake saurare da kyau. Ya aiko cewa kunnen tela ƙarar keke ta lalata shi. Muka yi ta yi har damina ta fita, aka karya masara, aka yanke dawa, ba wanda ya sauka.

Ana cikin haka Babbar Salla ta matso. Kowace shekara nakan ɗinka masa riga, kuma ban taɓa auna shi ba. Matata ke kawo tsohuwar rigarsa in gwada a kai. A wannan karon ta dawo hannu wofi.

Ta ce, "Malam, na gaji. Ni ba motar haya ba ce. Kai kana da baki, shi yana da baki. Na ce wa Baba tsohuwar rigar ta yi masa yawa, za ka zo ranar kasuwa ka auna shi da kanka."

Na yi faɗa, na yi magiya, ta ci gaba da tankaɗen garinta kamar ba da ita nake ba.

Ranar kasuwar Bakori na shiga mota da tef ɗin awo a aljihu, kamar mai zuwa gaban alƙali. Na same shi a zaure da hantsi, buhunan masara jingine a bango, rediyon na gefen tabarma. Muka gaisa yadda muka saba. Sai ya miƙe tsaye ya juya mini baya, ya buɗe hannuwa, don shi ma kunyar ta ishe shi. Kafin ya miƙe kuwa ya danna rediyon, kuma na tabbata da gangan ya yi, domin waƙar nan ce ta tashi, ta ƙuruciyar.

Na ɗora tef a kafaɗarsa. Sai ya yi magana, yana fuskantar bango, kamar da buhunan masara yake.

"Wai akwai wasu mutane a Funtua da suka ce ta tsufan ta fi wannan."

Ban san yadda aka yi ba. Ina jin don ba na ganin fuskarsa ne, ƙeyarsa kawai nake gani da gefen hula. Bakina na shago ya kuɓuce mini.

"Baba, ta fi kam. A wannan tsere yake yi da ganga. A waccan kuwa ganga ce ke jiransa."

Na ji kafaɗar ta tsaya cak a ƙarƙashin hannuna. Na ce a raina shi ke nan, na zubar da mutuncin da na yi shekaru ina tarawa. Ya juyo a hankali ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

"Tsere? Kai ka taɓa riƙe garma a gayya? In ganga ta jira ka, ai rana ta faɗi ba ku gama gonar ba. Zauna, zauna in nuna maka."

Na zauna. Ya mayar da waƙar baya, ya ɗaga yatsa a daidai inda gangar ke sauya taki, ya ce a nan ne ƙarti ke sunkuyawa gaba ɗaya, ƙura ta tashi, mata na guɗa a bakin gona. Na ce na yarda, amma a ba ni dama in sa tawa. Na ciro waya na sa. Yana cewa murya ta mutu, ina cewa ba ta mutu ba, nuna ta yi. Muryoyinmu suka hau sama har surukata ta leƙo daga cikin gida da ludayi a hannu, ta zaci wani abu ya faru. Ta gan mu a tabarma ɗaya, shi yana nuna rediyo da yatsa, ni ina nuna waya, ta riƙe baki ta koma.

Da tawa ta kai inda tsohon ke tsayawa ya ja numfashi, Baba ya kasa kunne. Ya saurara har ƙarshe, bai katse ba. Sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Malam, ba wai ban san tana da daɗi ba ne. In na ji ta farko, kaina nake gani a gaban layi, ba mai kamo ni. In na ji wannan kuwa, kaina nake ji yanzu. Kai kana da sauran lokacin da za ka so ta."

Sai ya share fuska ya ce duk da haka tasa ta fi, kuma kada in je Funtua in ce na kayar da shi. Na ce ba zan faɗa ba, amma ban sauka ba. Ya yi dariyar nan tasa mai haɗe da tari, ni na jawo ta, ni kaɗai ne a zauren. Daɗin da na ji a lokacin ban san da me zan kwatanta shi ba.

Sai da aka kira azahar muka tashi. Ya rako ni har bakin hanya inda 'yan acaɓa ke tsayawa, muna tafe yana ba ni labarin wani mai kotso da ya taɓa gani a Maska yana saurayi. Da na hau babur na ce masa akwai wata ta gurmi da na samo, zan ba matata ta kawo masa.

Ya dafa kafaɗata ya ce, "A'a, ɗana. Kar ka aiko. Ka zo da ita."