Gargaɗin da ya fito a kwamfutar Habu

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanena Habu, Allah Ya jiƙansa. Ni ba mai rubutu ba ne, a aji huɗu na bar firamare. Abin da ya faru a shago watan jiya ne ya sa na ɗauki biro.

Shagon nasa ne, a bakin kasuwar Azare. Turi muke yi: mutum ya kawo memori, mu zuba masa karatu ko wa'azi. Da mota ta kife da shi a hanyar Bulkachuwa, na gaji shagon da kwamfutar, amma ban gaji kansa ba. Na san inda ake dannawa, iyakata ke nan.

Watan jiya kwamfutar ta sabunta manhajarta, ba wanda ya sa ta. Da safe na kunna, sai ga rubutun Turanci da alamar rawaya. Na danna, ya tafi. Kashegari ya dawo. Emeka, maƙwabcina mai sayar da caja, ya leƙo ya karanta, ya ce, "Malam, lambobi ne kawai, ba su faɗi komai ba. Kai ta a yi mata fomatin ka huta."

Fomatin shi ne a share komai. A cikin kwamfutar kuwa akwai muryar Habu, ranar da yake gwada makirfo yana yi wa 'yarsa Ummi wasa tana jaririya. Ummi ba ta san ubanta ba sai a hoto da wannan murya. Duk Juma'a uwarta kan kawo ta, ta ce, "Baffa, sa min Babana." Na sha gwada kwafe muryar a memori, alamar fayil ɗin ce kaɗai ke tafiya, muryar ba ta bi. Masu gyaran yanzu kuma sauri suke yi, ban yarda in miƙa musu ba.

Habu in kwamfuta ta yi ƙorafi ba ya danna komai. Sai ya zare duk abin da ke jone da ita, ya kunna, sannan ya riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya, yana kashewa yana kunnawa. Haushi nake ji, ga mutane a tsaye suna jira. Yakan ce, "Yaya, ba ta kuka a banza. Wani a cikinsu ne ya taka ta."

Haka na yi. Na zare komai na kunna, gargaɗin bai fito ba. Na mayar da sifika, shiru. Abin karanta memori, shiru. Ina jona tsohon makirfon nan da Habu ya naɗe da salatif, sai ga alamar rawaya. Sabuwar manhajar ce ba ta gane shi ba. Shi ke nan duk ciwon.

Da Habu na nan ya ga na'ura na sauya kanta ba sallama, dariya zai yi, ya ce ta fi mu wayewa. Ni ban ga abin dariya ba, na gaji. Amma na lura bai bar min shago kaɗai ba. Ya bar min haƙurin da ke hana mutum share abin da bai gane ba.

Ranar Juma'a Ummi ta zo, na sa mata Babanta. Da ya gama na miƙa mata makirfon, na ce nasa ne. Ta kai shi bakinta ta ce, "Baba, kana ji na?"

Ban gaya mata cewa ba a jone yake ba.